Gwiwar Zalika

Duk wanda ya zauna a unguwar Tremont ta Bronx, a birnin New York, a shekarun nan ya san Ladi, sai dai ba da wannan sunan ba. Maman Ado ake ce mata. Baƙo in ya ji haka sai ya ɗauka Ado ne babban ɗanta, alhali akwai wadda ta girme shi nesa ba kusa ba, ita ce Zalika. To amma Zalika 'yar fari ce, kuma a gidan su Ladi ba a kiran uwa da sunan 'yar fari, ita ma uwar ba ta kama sunan a bakinta. Ana yaye yarinyar aka miƙa ta ga Hajiya, kakarta ta wajen uba, a Kaduna, can ta tashi, can ta yi makaranta. Da Ladi za ta biyo mijinta Malam Abdulwahab New York a 1987, ko tambaya ba ta yi ba a ba ta 'yarta su tafi. Tambayar ma abin kunya ce. Ta sha kukanta a banɗakin jirgi, ta wanke fuska, ta fito.

A Kaduna yarinyar ta tsinci badminton. Wasa ne na raket da wata 'yar ƙwallo mara nauyi mai gashin agwagwa, ana dukanta ta saman raga, wanda ya bari ta faɗi a gefensa an ci shi. Wata malamar motsa jiki ce ta ga tsawon yarinyar da saurin ƙafarta, ta miƙa mata raket, kafin a ankara ta cinye 'yan matan jiha kaf, ta fara zuwa wasan ƙasa. Da tsohuwa ta rasu a 1990 aka kawo ta Bronx wajen iyayenta. Ta sauka da akwati ɗaya da raket biyu, tana ce wa uwarta Anti.

Ita kuwa Ladi "ke" take ce mata, in da mutane kuma "'yar Hajiya". Ba ta taɓa tambayarta yadda wasa ya kaya ba. Amma kun san uwa. A ɗakin wanki na wani gidan kula da tsofaffi Ladi take aiki, wuni guda tana fama da zannuwan gado, duk da haka in ta dawo sai ta ɗauki fararen kayan wasan yarinyar ta wanke da hannu, ta goge, ta ninke, ta ajiye a kan kujera kamar su suka kai kansu. Naman da ya fi tsoka kuma kullum a kwanon Zalika yake faɗawa, wai kuskuren ludayi.

Wanda ya riƙe wasan yarinyar a New York shi ne Koci Yaw, mutumin Kumasi, ɗan gajere mai sanƙo, da ya yi wasan a ƙasarsu kafin ya zo ya kama tuƙin tasi. Da yamma yake ajiye mota ya horar da matasa a zauren wasanni na wata makaranta a Queens. Hausar Zango ce a bakinsa, mace da namiji duk "shi" ne, abin da kullum yake ba Ladi dariya. Zalika kuwa da rana tana sayar da takalma a wani kanti a Fordham Road, da yamma ta hau jirgin ƙasa zuwa Queens. Haka ta yi shekara uku tana cinye ƙananan gasa, ana ba ta kofi, ta dawo gobe ta ci gaba da durƙusa wa mutane tana gwada musu takalmi. A Amurka wasan ba ya ciyar da mai shi.

A bazarar 1993 aka shirya wata babbar gasa a Manhattan, har daga Kanada 'yan wasa suka zo. Ana saura 'yan kwanaki sai ga Koci Yaw ya hawo bene yana haki.

"Maman Ado, sannu da gida. Magana na kawo, babba."

Ya zauna ya yi bayani. A Denmak, in ji shi, badminton sana'a ce. Kulob zai ɗauki yarinya ya ba ta ɗaki, ya ba ta albashi, ya yi ta yawo da ita gasa ƙasa-ƙasa a Turai. Wata Baturiya daga wani kulob na can ta zo neman yarinya ɗaya tak, kuma idonta yana kan biyu: Zalika da wata 'yar Kanada.

"Baturiyan nan ya ce yana so ya ga uwa," in ji Yaw. "Ba ya ɗaukan yarinya ya kai nesa sai ya ga gida."

"Ga ubanta nan."

"Malam yana da aiki a asibiti Asabar da Lahadi, na tambaye shi."

"To ga Yaya, ai ita ce uwarta."

"Uwa ya ce, Maman Ado. Wanda ya haifa."

Ladi ta juya masa baya tana gyara murfin tukunyar da ba ta buƙatar gyara. Yayar da take nufi ita ce Yaya Humaira, yayar Malam uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ɗanta ya ɗauko daga Zariya ta zo titin Grand Concourse, nan Bronx, renon jikoki. Mace ce mai kirki, amma idonta ba ya barin komai ya wuce, kuma duk abin da matar ƙaninta ta yi a New York sai an ji shi a Zariya kafin sati ya zagayo. Turanci kam ba ta ji sai "thank you". Da Ladi ta ga ba makawa sai ta je, sai ta roƙi Yaya ta raka ta, don kada a ce ta ɗauki ƙafa ita kaɗai ta tafi kallon 'yar fari.

Ranar Asabar suka yafa gyalensu suka hau jirgin ƙasa na layin D. Zauren wasan babba ne, ƙasan katako sai sheƙi, takalma suna ta ƙiiƙii a kai kamar ɓeraye. Suka samu benci can sama suka zauna. Ladi ta kafa idonta a wani filin daban, inda wasu maza biyu 'yan Indiya suke fafatawa, amma wutsiyar idonta tana wajen da ya dace.

Ba ta taɓa ganin yarinyar tana wasa ba sai ranar. Wannan da take shiga ɗaki sumui-sumui, ta gaishe ta a durƙushe, ita ce ta koma wata aba daban. Ta miƙe sama kamar an ja ta da igiya, ta maka wa ƙwallon duka, kafin abokiyar karawarta ta ɗaga hannu ƙwallon ta riga ta dira a ƙasa. Can kuma sai ta zo bakin raga ta ɗan taɓa ta a hankali, ƙwallon ta haura ta faɗi kamar furen da iska ta tsinko. Zuciyar Ladi ta cika. Ta ciji gefen gyalenta don kada fuskarta ta tona ta.

"Kai, 'yar nan tamu!" in ji Yaya Humaira tana tafi. "Tubarkalla masha Allah! Ladi, kin gani kuwa?"

"Ban lura ba, Yaya."

Yaya ta yi murmushin jin daɗi. Amsar da take so ke nan.

Zalika ta cinye wasan, ta samu shiga na ƙarshe da za a yi gobe. Ta wuce ɗakin canja kaya, Koci Yaw ya bi wani alƙalin wasa yana masa magana. A daidai wannan lokacin Baturiyar ta hawo benci. Doguwa ce mai furfura, da gajeren gashi irin na maza, ta miƙo wa Ladi hannu ta damƙe kamar za ta karya shi.

"Ke ce mahaifiyar? Na yi murna da ganinki. 'Yarki abin mamaki ce. Na daɗe ban ga ƙafa mai sauri irin tata ba, ga tsawo, ga ƙarfi, ga natsuwa. Dole kina alfahari da ita."

Ladi ta iya Turanci daidai gwargwado, na ɗakin wanki, kuma ta ji kowace kalma. Ta ji matar nan tana lissafa ƙafa da tsawo da ƙarfi ɗaya bayan ɗaya, ba tubarkalla, ba masha Allah, baki buɗe haka kawai a kan yarinyar da gobe za ta shiga wasan ƙarshe. Ga kuma Yaya a gefe ta zuba mata ido, ba ta jin maganar amma tana karanta fuska. In Ladi ta yi murmushi ta gyaɗa kai, an gama. Sai bakinta ya yi abin da ya ga bakin uwarta da na kakarta suna yi tun tana goye.

"Wannan?" ta ce tana yatsina fuska. "Ba ta iya komai ba. Raguwa ce. Barci kawai, sai an tashe ta. Kullum ba lafiya. Ga gwiwa, kullum gwiwa, kullum ina shafa mata magani."

Maganar gwiwar ba daga sama ta faɗo ba. Bara yarinyar ta zame a kan ƙanƙara a bakin tasha ta ɗan bugu, Ladi ta ajiye mata man zafi a kan kujera, kwana kaɗan ta warke sarai. Da Bahaushiya aka faɗa wa wannan, da dariya za ta yi ta ce, "Kya ji da shi, mu dai muna son abarmu." Ladi har ta ɗan saurara tana jiran irin wannan amsar.

Baturiyar ba ta yi dariya ba. Murmushinta ya ɗauke.

"Wace gwiwar? Dama ko hagu?"

"Dama," in ji Ladi, don an tambaye ta.

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

"Na gode da kika gaya mini gaskiya. Ba kowace uwa ce za ta yi haka ba."

Ta sake damƙe mata hannu ta sauka. Yaya Humaira ta matso ta tambayi me aka ce, Ladi ta mayar mata.

"Madalla da ke," in ji Yaya. "Haka 'yar mutunci take yi. Ji mata da wani yabo gatsau kamar mai tayin saniya. Ai gara da kika tare bakin."

Ladi ta dawo gida da sauƙin zuciya, har da tsayawa a shagon 'yan Nijar ta sayi kaza.

Tana cikin soya kazar, bayan la'asar, aka buga ƙofa. Koci Yaw ne, ko hularsa bai cire ba, ko gaisuwa bai ƙarasa ba. Zalika tana zaune a falo tana naɗa sabon ƙyalle a mariƙin raket.

"Maman Ado, me ka gaya wa Baturiyan nan?"

"Me na gaya mata? Gaisawa muka yi."

"Ya ce uwa da bakinsa ya ce gwiwa ya lalace tun bara! Ya ce yarinya rago ne, ba ya tashi! Ya tambaye ni don me na ɓoye masa. Ni! Na rantse masa da Allah, na rantse da kabarin ubana, ya ce koci yana da dalilin ɓoyewa, uwa ba shi da shi. Kulob ba ya ɗaukan gwiwa mai ciwo, Maman Ado. Kafin ka yi magana Zalika ne a gaba."

Man da ke kasko yana ta ƙara, Ladi tana tsaye da cokali a hannu. Sai ta ji kamar an kwance mata zani a tsakiyar kasuwa.

"Ai... ai ba haka nake nufi ba. Kowa ya san ba haka ake nufi ba."

"Kowa a ina? A Denmak?"

Ya juya ya sauka, ana jin takunsa har ƙasa. Ladi ta kashe wuta. Ta kasa fitowa daga kicin, ta kasa zama a ciki. Can dai ta leƙo. Yarinyar ba ta ɗago ba, tana ta naɗa ƙyallenta a hankali, zagaye bayan zagaye. Da ma ta yi ihu, da ma ta yi irin ta yaran Amurka ta buga ƙofa, da Ladi ta samu abin riƙewa. Amma tarbiyyar Hajiya ce.

"Ke," in ji Ladi.

"Na sani, Anti. Ba sai kin faɗa ba." Muryarta a kwance. "Hajiya ma haka take cewa in na ciwo kofi. Ta ce wannan mai ƙafar sauron me ta iya. Sai dai ita Hajiya Hausawa take gaya wa."

Ta ɗauki raket ɗinta ta shige ɗaki. Ranar ba wanda ya ci kazar nan sosai.

Da Malam ya dawo daga asibiti Ladi ta gaya masa tana kallon ƙasa. Mutum ne mara yawan magana. Ya cire takalmi, ya daɗe yana murza goshi.

"Ni ba zan samu fita gobe ba. Ko na je ma, ba ni na faɗa ba. Bakin da ya faɗa shi za ta saurara."

"Malam, a gaban mutane? In ce me?"

"Ki ce abin da kika sani."

Ai kuwa mutane sun zo. Labari ya zaga cewa 'yar gidan Malam Abdulwahab ta kai wasan ƙarshe, Yaya Humaira da kanta ta yi ta buga waya. Ranar Lahadi matan Tremont da na unguwar Morris Heights suka cika benci biyu, atamfa da leshi da turare, har da masu ƙullin cincin a jaka. Cikinsu akwai Nimatu, wata nas 'yar Zangon Accra, mai Turanci kamar ruwa da baki kamar rediyo. Ladi ta zauna a tsakiyarsu kamar wadda aka kawo shari'a.

Da 'yar Kanadar aka kara. Zagayen farko Zalika ta yi ta zubar da ƙwallo a raga, hankalinta ba ya jikinta, aka cinye ta. Ladi ba ta kalli wani filin ba yau. Baturiyar take kallo, tana zaune a kujerar gaba ta harɗe hannu. Sai Ladi ta lura matar ba ta bin ƙwallo da ido, ba ta kallon raket. Duk inda yarinyar ta yi, idonta yana kan gwiwar dama. In Zalika ta durƙusa ta ɗauko ƙwallo a bakin raga sai matar ta ɗan sunkuyo. Ladi ta san ita ta ɗora idon nan a wurin.

A zagaye na biyu yarinyar ta farfaɗo. Ta fara aika ƙwallon can ƙarshen fili, ta dawo da ita bakin raga, ta sake aikawa, har 'yar Kanadar ta fara dafa ƙugu. Ta ci na biyu. Na uku aka yi ta ja, mata suna ta salati da ihu, Nimatu ta miƙe tsaye tana kaɗa gyale, har Zalika ta yi tsalle ta sauke dukan da ya raba gardama. Zaure ya ɗauki tafi.

Baturiyar ta yi tafi ita ma, sama-sama, ta ɗauki jakarta da kwat ɗinta. Koci Yaw ya ɗago kai ya nemo Ladi a cikin mata, ya nuna mata agogon hannunsa, ya nuna ƙofa. Filin jirgi matar za ta wuce.

Ladi ta miƙe. Ta so ta tare matar a waje, a wani lungu inda ba kowa, amma ina, a daidai ƙasan bencin matan suka haɗu, wurin da hanyar fita ta bi. Ga hayaniya, ga lasifika ana kiran sunaye, dole sai ta ɗaga murya.

"Madam. Don Allah. Maganar jiya."

"Na'am?"

"Ƙarya na yi."

A sama ta ji Yaya Humaira tana cewa, "Nimatu, me take faɗa?" Ta kuma ji Nimatu ta gyara murya ta fara fassara wa benci biyu, kalma bayan kalma, ba ta rage ko ɗaya.

"Ƙarya?" Baturiyar ta ajiye jaka. "Me zai sa uwa ta yi wa 'yarta irin wannan ƙaryar?"

Ladi ta nemi Turancin da zai ɗauki amsar ta rasa. Turancin zannuwan gado ne da sabulu, ba a taɓa aikensa irin wannan aike ba.

"A wurinmu... 'yar farko... uwa ba ta cewa tana da kyau. Ba ta yabo. Kunya ce."

"To wa yake yabonta?"

"Kowa. Ban da ni."

Matar ta dube ta, ba da fushi ba, da irin kallon da ake wa wanda ba a gane inda ya dosa ba. Wannan kallon ya fi zagi ciwo.

"Jiya kin gaya mini abu ɗaya, yau kin zo da wani. Wanne zan ɗauka? Gaya mini yadda take, tsakani da Allah."

Ladi ta ga Zalika can gefe da tawul a wuya, ta tsaya cak. Ta runtse ido ta buɗe baki.

"Gwiwarta lafiya lau. Sau ɗaya ta faɗi a ƙanƙara, ta warke. Ba ta ciwo, ko mura ba ta cika yi ba. Ba raguwa ba ce. Tana sallar asuba take fita gudu, ko ana dusar ƙanƙara. In ta dawo ta hau benen gidanmu da gudu, ta sauka, ta hau, ta sauka, har maƙwabta suna ƙorafi. Ta wuni a tsaye a kanti, ta tafi Queens, ta dawo ta yi mini wanke-wanke. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Na sani, don kullum ina tsaye a taga ina kallonta har ta sha kwana. Ba ta san ina kallo ba. Babu yarinya kamarta a garin nan. 'Yata ce, ni na haife ta, babu kamarta."

"Ta ce wai kullum tana laɓe a taga tana kallonta," in ji muryar Nimatu a sama. "Ta ce babu kamarta, wai ita ta haife ta."

Wata ta ce, "La ilaha illallahu." Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Zalika ta ja tawul ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Baturiyar ta sauke numfashi.

"Na yarda da ke, ina jin. Amma da safen nan na riga na yi magana da mahaifin ɗaya yarinyar, na ba shi alkawari. Ba na warware alkawari. Gurbi ɗaya gare ni." Ta ɗauki jakarta. "Abin da zan iya shi ne wannan. In tana so, ta zo da kaka, likitanmu ya duba gwiwar. In lafiya, ta zauna ta yi horo da mu, ta yi wasa a rukuni na biyu. Ba albashi, ba alkawari. Sai mu ga abin da shekara za ta yi."

Ta miƙa hannu, Ladi ta karɓa ba ta ɗago ba. Ga shi ta tsaya a gaban duniya ta zubar da abin da ta riƙe shekara goma sha tara, kuma gurbin ya riga ya tafi.

A jirgin komawa matan suka cika tarago da hira, kowa tana yaba wasan, ba wadda ta kalli Ladi kai tsaye. Sai da suka haura Bronx Yaya Humaira ta gyara gyalenta ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yau kin ba ni mamaki, Ladi. A gaban jama'a. Ko tubarkalla ba ki haɗa da ita ba."

"Ki yi haƙuri, Yaya."

Zalika tana tsaye a bakin ƙofar taragon da kofinta a cikin jakar leda, ita ma ta kasa haɗa ido da uwar. A gida sai da suka yi kusan sati suna kewaye juna kamar sababbin surukai. Da asuba in yarinyar ta fita gudu, sai ta bi ta ɗaya hanyar da taga ba ta gani.

Da kaka ta tafi Denmak. Likita ya juya gwiwar nan, ya lanƙwasa, ya ɗauki hoto, bai ga komai ba. Ta zauna a wani ɗan ɗaki a gidan wata tsohuwa, tana ɗaura wa 'yan kulob igiyar raket tana koya wa yara wasa don ta ci abinci, tana kallon 'yar Kanadar ana fita da ita gasa. Sai da shekara ta zagayo suka ɗauke ta sosai. Daga nan ta yi wasa har 1999, ta je Jamus, ta je Holan, ta je Sikotlan, ta ciwo wasu ta faɗi a wasu. Ba ta zama ta ɗaya a duniya ba, amma da raket ta ci ta sha, abin da ta fito nema ke nan. Ba ta taɓa tayar da maganar shekarar da ta ɓata ba. Ladi ce ba ta manta ba. In aka ce ɗan wasa shekarunsa kaɗan ne, sai ta tashi ta bar wurin.

A Tremont kuwa an samu abin tsokana. Watanni Ladi tana aika Malam shagon nama don kada ta haɗu da mata. Amma suna ba a ƙin zuwa. Da ƙanwar Nimatu ta haihu a Morris Heights, dole ta shirya ta je. Falo cike, ana ta rabon waina da miyar taushe, ta samu gefe ta rakuɓe. Sai Yaya Humaira ta ɗaga murya daga kan kujera, yadda kowa zai ji.

"Maman Ado, ina labarin babu-kamarta?"

Aka kwashe da dariya. Nimatu har da dafa ƙirji tana kwaikwayon tsayuwar taga. Sannan aka zuba mata ido ana jira, don kowa ta san amsar da ta dace: ta yatsina fuska ta ce oho, wa ya sani, tana can tana shiriritarta. Da ta faɗi haka da an tafa mata, an mayar da ita cikin sahu. Ladi ta buɗe baki za ta faɗa, sai ta ji ba za ta iya ba. Ta kafa ido a kan kafet.

"Tana lafiya, Yaya," ta ce a hankali. "Jiya ta yi wasa. Ta ci."

Ladi ta tattara kwanukan da ke gabanta, har da na waɗanda ba su gama ci ba, ta shige kicin ta buɗe famfo.